Hukuncin Kallon Finafinan Tailan Na Soyayyar Namiji Da Namiji, Da Yayata Su

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗaliba ce a jami'a. Tun lokacin kullen korona wata ƙawata ta turo mini wani fim mai dogon zango na ƙasar Tailan, irin wanda ake kira BL, labarin soyayya tsakanin saurayi da saurayi. Daga nan na saba. Yanzu muna da zaure a Telegram, kusan dukkanmu mata ne kuma Musulmi. In sabon kashi ya fito mukan raba dare muna hira, wasu har kuka suke yi in an raba jaruman, in sun shirya kuma a yi ta murna. Ni ce nake yanko guntayen bidiyo, in ɗora musu waƙa, in saka a TikTok. Ina salla, ina azumi, kuma wallahi ban taɓa jin sha'awar aikata wani abu mai kama da haka ba. Hujjarmu ita ce wasan kwaikwayo ne kawai, jaruman ba Musulmi ba ne, mu kuma mata ne, abin bai shafe mu ba. Kwanan nan yayana ya ga wayata, ya ce na kafirta, ya ce duk 'yan zauren 'yan maɗigo ne, kuma sai ya tona mana asiri. Wata a zauren kuma ta ce ai so so ne, babu ruwan addini da shi. Malam, mene ne hukuncin abin da muke yi? Da gaske na fita daga Musulunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

'Yata, ki kwantar da hankalinki, ba ki kafirta ba. Mai salla da azumi, wadda ta yarda abin da Allah Ya haramta haramun ne, ba a fitar da ita daga Musulunci saboda zunubi. Amma abin da kuke yi bai halatta ba. Kallon don jin daɗi haramun ne, murnar da ake yi wa abin da ake nunawa ta fi kallon nauyi, yanko bidiyon da yaɗa shi kuma ya fi duka. Yayanki ya yi daidai da ransa ya ɓaci, ya yi kuskure babba a hukuncin da ya yanke. Kin kyauta da kika tambaya, domin tun a farkon Ahalari aka karantar da mu cewa bai halatta ga baligi ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a kansa, ya kuma tambayi malamai.

Malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, don haka bari mu fara da sanin kayan. Ba zan kira sunan fim ko jarumi ko ɗaya ba, kada amsar ta zama talla. Wannan salon labari ba a Tailan aka haife shi ba. A Japan ya taso, cikin littattafan zane na shekarun 1970, kuma mata ne suka riƙa rubuta shi domin 'yan mata su karanta. Ki lura da wannan, don zai dawo mana. Ya shiga talabijin ɗin Tailan da ƙarfi daga 2014, sannan a 2020, da annoba ta kulle mutane a gida, ya fantsama duniya, saboda kamfanoni irin su GMMTV na birnin Bankok suna ɗora kashi-kashi a YouTube kyauta da rubutun fassara a ƙasan allo. Ya samu masoya a Filifin da Sin da Kudancin Amurka, har da ƙasashen Musulmi irin Indunusiya da Malesiya. Ribar ba a fim ɗin kaɗai take ba. Kamfani yakan haɗa jarumai biyu ya riƙa fito da su tare a wajen fim, a talla, a dandalin waƙa, a taron ganawa da masoya wanda ake sayen tikiti, suna riƙe hannu suna raɗa, domin masu kallo su riƙa raya cewa soyayyar ta gaske ce. Wannan raye-rayen shi ne hajar da ake sayarwa. Shi ya sa ake samun masoyan da suke far wa budurwar jarumi da zagi a intanet in ta bayyana, saboda ta rushe musu mafarki. A watan Afrilun 2020 ma wani saƙo da ɗaya daga cikin jaruman ya sake yaɗawa a Twitter, wanda ya ambaci Hong Kong a matsayin ƙasa, ya haddasa cacar baki mai zafi tsakanin 'yan Sin da 'yan Tailan har ta koma rigimar siyasa. A 2021 ma'aikatar kasuwancin ƙasar ta shirya zaman haɗa masu shirya finafinan da masu saye na ƙetare. A ranar 23 ga Janairun 2025 kuma dokar da ta amince da auren jinsi ta fara aiki a Tailan, ita ce ta farko a kudu maso gabashin Asiya. Ba na cewa finafinan ne kaɗai suka kawo dokar. Ina nuna miki ne cewa abin da kike riƙe da shi a waya sana'a ce babba mai tsari, kuma ke da ƙawayenki ku ne kasuwarta.

Shi aikin mutanen Annabi Luɗu (AS) haramcinsa ba wurin saɓani ba ne. Alƙur'ani ya kira shi alfasha a Suratul A'araf aya ta 80 da 81, ya maimaita zancen a Shu'ara'i aya ta 165 da 166, kuma malaman dukkan mazhabobi sun haɗu a kai. Ke ma ba wannan kika tambaya ba. Tambayarki a kan mai kallo ce.

Allah bai tsaya ga hana alfasha ba, kusantarta Ya hana. A Suratul An'am aya ta 151 Ya ce kada ku kusanci alfasha, ta fili da ta ɓoye. A Suratun Nur Ya umarci muminai maza su runtse ganinsu a aya ta 30, nan take a ta 31 Ya juyo kan muminai mata da irin wannan umarni. A Suratul Isra'i aya ta 36 Ya ce ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce zinar ido kallo ce, zinar harshe magana ce, rai kuma yana buri yana sha'awa. A Risala, Ibn Abi Zaid ya lissafa runtse ido daga haram cikin farillai, ya cire kallon farko da ba a yi da gangan ba, sannan ya ce bai halatta ka nufi sauraron ɓarna ba kowace iri ce. Wanda ya sayi data, ya jira ranar fitowar kashi, ya sa abin ji a kunne ya ja bargo, ba kallon bazata yake yi ba.

Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan mace ta kalli namijin da ba muharraminta ba idan babu sha'awa, kuma masu halattawa suna kafa hujja da Nana A'isha da ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, Annabi (SAW) yana kāre ta. Wannan hadisin ma hujja ne cewa addini bai hana nishaɗi ba. Amma saɓanin yana ƙarewa da zarar jin daɗi ya shigo, kuma babu malamin da ya halatta kallon mutum biyu suna sumbatar juna a kan haram, ko maza ne ko mace da namiji.

Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini a tambayarki ba idon ba ne. Kukan nan ne da murnar nan. Fim ɗin soyayya ba a shirya shi don a ba ka labari kawai ba, an shirya shi ne don ka zaɓi ɓangare. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon dambe ya san ba a tsayawa a gefen fili babu gwani. Ko ba ka san 'yan damben ba, kafin a yi turmi biyu zuciyarka ta karkata, in naka ya kai naushi sai ka ji ka miƙe tsaye. Haka mai shirya fim yake so. Yana sa kiɗa mai taushi a daidai lokacin da idon ɗaya ya faɗa cikin na ɗayan, yana rage gudun hoto, yana maida uban da ya hana ko yarinyar da ta shiga tsakani abin ƙi. Kafin kashi na goma, ke da kike tashi sallar Asuba kin zama mai fatan su haɗu, kina jin haushin duk wanda ya ce kada su haɗu. Wannan fatan shi ake kira yarda da saɓo, kuma aikin zuciya ne da shari'a take hukunta shi. Abu Dawud ya ruwaito daga Ursu ɗan Amira cewa Annabi (SAW) ya ce idan aka yi saɓo a bayan ƙasa, wanda ya halarta amma ya ƙi shi kamar wanda ba ya nan ne, wanda kuma ba ya nan amma ya yarda da shi kamar wanda ya halarta ne. A hadisin Abu Sa'id da Muslim ya ruwaito, mataki na ƙarshe na hana mummuna shi ne ƙin sa da zuciya, aka ce wannan ne mafi raunin imani. To idan fim ya zo ya ɗauke wannan ɗan abin da ya rage, me ya bar wa mutum?

Kuma ba a rana ɗaya yake ɗaukewa ba. Huzaifa ya ruwaito, a Sahihu Muslim, cewa ana bijiro wa zukata da fitinu kamar saƙar tabarma, kara bayan kara. Zuciyar da ta sha, a ɗiga mata baƙin ɗigo, wadda ta ƙi, a ɗiga mata fari. Ki tuna yadda kika ji a kashin farko da kika kalla, wataƙila har kika kau da kai a wani wuri, ki gwada da yadda kike ji yanzu da kike maimaita wurin sau da sau don ki yanko shi daidai da kiɗa. Ba sai na faɗa miki abin da ya canza ba.

Kin ce wasan kwaikwayo ne. Labarin ƙagagge ne, na yarda, amma rungumar ta gaske ce, sumbar ta gaske ce, mutane ne masu rai suka yi ta a gaban kyamara. Ko da zane ne ma ba mutane ba, ai abin da yake sauka a zuciya ba na wasa ba ne. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana kallonta. Magana ce kawai, babu hoto, amma aka hana saboda abin da take haifarwa. Ibn Hajar ya naƙalto daga Alƙabisi cewa wannan hadisin tushe ne ga Imam Malik wajen toshe ƙofar ɓarna. Ba kuma kowace ƙofa ake toshewa ba. Ƙarafi ya bayyana cewa ba a hana noman inabi don tsoron a yi giya da shi. Shi ya sa ban ce wayarki haramun ce ba, ban ce YouTube haramun ne ba, ban ce duk fim ɗin Tailan haramun ne ba. Abin da aka gina shi tun daga tushe don ƙawata alfasha shi nake magana a kai.

Ba ambaton saɓo a labari ne laifi ba. Alƙur'ani ya ba mu labarin matar Azizu da ta kukkulle ƙofofi ta kira Annabi Yusuf (AS), ya ba mu labarin mutanen Luɗu sun yo gaggawa zuwa gidansa. Amma ka gama karantawa zuciyarka tana tare da wanda ya tsere, ba tare da wadda ta kulle ƙofa ba. Bambancin yana wurin da labari ya ajiye zuciyar mai sauraro. Saboda haka malami ko mai bincike ko mahaifi ko ma'aikacin tace finafinai da ya duba wani abu gwargwadon buƙata don ya san abin da zai yi gargaɗi a kai, hukuncinsa daban ne da na mai jin daɗi.

Kada kuma a ce mun ware waɗannan mun bar na Indiya da Koriya da Turkiyya. Duk fim ɗin da ke nuna tsiraici ko sumba ko ƙawata zina hukuncin kallonsa haramci ne, ko daga ina ya fito. Abin da ya ƙara wa waɗannan nauyi shi ne, saurayi da budurwa suna da ƙofar halal a gabansu, mai fatan su yi aure yana fatan abin da shari'a ta san shi. Nan kuwa babu wannan ƙofar, don haka fatan ba shi da inda zai sauka sai kan haram.

Kin ce ku mata ne, abin bai shafe ku ba. Na gaya miki tun farko cewa don mata aka ƙirƙiro salon, saboda haka ku ya fi shafa. Sannan ki dubi matar Annabi Luɗu. Allah Ya buga misali da ita da matar Annabi Nuhu a Suratut Tahrim aya ta 10, Ya ce sun ha'inci mazajensu. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa ha'incin ba na zina ba ne. Ita matar Luɗu tana sanar da mutanenta ne idan baƙi sun sauka. Ba ta aikata abin da suke aikatawa ba, mace ce, amma zuciyarta tana tare da su kuma ita ce mai nuna hanya. Ba ina daidaita ki da ita ba ne, Allah Ya kiyaye, ita kafira ce ke kuwa mumina. Ina so ne ki ga cewa zama mace bai fitar da mutum daga wannan babin ba, kuma nuna hanya laifi ne mai zaman kansa.

Nan ne maganar TikTok ta shigo. Mai kallo a ɗaki ita kaɗai tana cutar kanta. Mai yankowa ta zaɓo wurin da ya fi motsa rai, ta gyara shi, ta miƙa wa wanda bai nema ba, cikinsu har da yara 'yan sakandare. Allah Ya yi alkawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai a Suratun Nur aya ta 19. Ayar ta sauka ne a kan ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, amma lafazinta ya game. A Ma'ida aya ta 2 Ya hana taimakekeniya a kan zunubi. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi kira zuwa ɓata yana da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi, ba tare da an rage musu komai ba. Akwai kuma hadisin Bukhari da Muslim cewa dukkan al'ummata ana yi musu afuwa ban da masu bayyanawa. Wanda ya danna alamar so, da wanda ya tura wa wani, da wanda ya taya ɗaga maudu'in don ya hau sama, kowa yana da rabonsa gwargwadon hannun da ya sa.

Cewa jaruman ba Musulmi ba ne bai canza komai ba, don ba hisabinsu aka tambaye ni ba, naki ne. Mutanen Luɗu ma ba muminai ba ne, amma Annabi Luɗu ya ce musu, kamar yadda ya zo a Shu'ara'i aya ta 168, shi yana cikin masu ƙin aikinsu. Aikin ya ambata. Wannan ba lasisi ba ne na zagin mutanen Tailan ko shiga shafukan jaruman ana tsine musu, kamar yadda wasu matasa suke yi suna ganin jihadi ne. Mafi yawan 'yan ƙasar mabiya addinin Buda ne, akwai kuma miliyoyin 'yan'uwanmu Musulmi, musamman a lardunan kudu irin su Pattani da Yala da Narathiwat. Shekara da shekaru muna cin shinkafarsu lafiya. Allah bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, kamar yadda yake a Mumtahana aya ta 8, kuma zagi ba ya shiryar da kowa, sai dai ya janyo a zagi addininmu.

Maganar ƙawarki cewa so so ne tana ɗaukar fuska biyu. In tana nufin so yana shiga zuciya ba da izinin mai ita ba, ta yi gaskiya, kuma malamai sun riga ta faɗa. Ibn Hazm ya ce so ba abin ƙi ba ne a addini, ba kuma abin hani ba ne a shari'a, domin zukata a hannun Allah suke. In kuwa tana nufin aikata abin halal ne, kuma addini ba shi da ta cewa a kai, to wannan magana ce mai hatsarin gaske, don halatta abin da kowa ya san haramcinsa a addini shi ne yake kai mutum ga kafirci. Ɗahawi ya rubuta a aƙidarsa cewa ba ma kafirta wani mai fuskantar alƙibla saboda zunubi matuƙar bai halatta shi ba. Duk da haka yarinyar da ta tsinto magana a intanet tana maimaitawa, ba ta san inda ta dosa ba, karantar da ita ake yi, a warware mata shubuha. Kafirta mutum da sunansa ba aikin 'yan zaure ba ne, ba kuma na yayye ba ne.

Na kan yi tunanin me ya sa 'yan matanmu suke maƙale wa irin wannan. Da yawa in an tambaye su sukan ce suna ganin tausasawa da kulawa, babu macen da ake wulaƙantawa a ciki. Ban raina wannan amsar ba, ta sosa mini rai. Yarinyar da ta tashi ba ta taɓa jin mahaifinta ya faɗa wa mahaifiyarta kalma mai daɗi ba, dole ta nemi inda za ta ga so. Alhali Annabinmu (SAW) ya ce game da Nana Khadija an azurta shi da son ta, ya yi tsere da Nana A'isha, yana shan ruwa daga daidai inda ta sa bakinta. Mu maza, malamai da iyaye, muna da kaso a wannan giɓin. Ƙishirwar gaskiya ce, amma wannan ruwan ba na sha ba ne.

Wataƙila cikin masu karanta wannan akwai saurayi ko budurwa da abin ya wuce kallo gare su, suna jin karkata zuwa jinsinsu kuma suna cikin ƙunci. Ɗana, 'yata, abin da ya faɗo maka a rai ba ka zaɓa ba, ba a rubuta maka shi zunubi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da rayukansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba, kuma wanda ya yi nufin mummuna ya fasa saboda Allah ana rubuta masa cikakkiyar lada. Kai Musulmi ne mai mutunci, sahun salla naka ne, kuma haƙurinka ibada ce. Waɗannan finafinan kai suka fi cutarwa, don suna hura abin da kake fama da shi. Babu wanda shari'a ta ba izinin ya doke ka, ko ya yi maka tsinannen suna, ko ya tara maka jama'a. Hukunci na alƙali ne, da sharuɗɗa masu tsauri, ba na 'yan unguwa ba.

Yayanki kuma, ki nuna masa wannan. Malam, kishinka abin yabo ne, kuma kana da haƙƙin hana ƙanwarka. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar tana komawa kan ɗayansu. Jifan 'ya'yan mutane da maɗigo ba tare da hujja ba zalunci ne. Ko bai kai ga haddin bulala tamanin da aka ambata a Suratun Nur aya ta 4 ba, alƙali yana da ikon ladabtar da mai yin sa. Tona asirinsu kuwa zai iya kashe wa wata aure, ya raba wata da karatu, kuma shi kansa yaɗa alfasha ne. Wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa. Ka tuna mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya ce kada ku la'ance shi, yana son Allah da ManzonSa. Ka tuna Fadlu ɗan Abbas a Hajjin Bankwana, da ya tsura wa wata mata ido, Annabi hannu ya sa ya juyar masa da fuska, bai kunyata shi ba. Ka janye kalmar kafircin, ka nemi afuwarta.

Ke kuma abin da ya rage miki tuba ne, da sharuɗɗanta da kika sani: dainawa, nadama, da ƙudurin rashin komawa. A naki akwai ƙari, domin bidiyon da kika ɗora suna nan suna aiki ko kina barci. Ki goge su duka tun yau, har da na cikin wayar. Waɗanda wasu suka riga suka kwafa, suka fi ƙarfinki, ba za a kama ki da su ba bayan tuba ta gaskiya, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ki rubuta wa 'yan zauren magana gajera mai taushi, ki ce kin tambaya an ce miki bai halatta ba, sannan ki fita, don Allah Ya hana zama inda ake kutsawa cikin ɓarna har sai an canza zance. Kada ki ɗauki hoton hirarsu ki kai wa kowa. Ƙawancenku a karatu da zumunci ya ci gaba, wadda ta neme ki ki saurare ta. Ki daina bin shafukan jaruman, in ba haka ba manhajar za ta ci gaba da turo miki su. Za ki ji kewa a makonnin farko, musamman ranar da kika saba jiran sabon kashi, saboda haka ki tanadi abin yi a wannan daren tun kafin ya zo, kada ya same ki ke kaɗai da waya. In akwai sallar Asuba da raba daren ya ci, ki rama. In kin zame kin koma, ki sake tuba, ko sau nawa ne, kada Shaiɗan ya ce miki ƙofa ta rufe. Aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana ɗebe ƙauna daga rahamar Allah. Ba kya buƙatar sabunta shahada a gaban kowa, sallolinki da azuminki na baya suna nan daram.

Allah ne Mafi sani.